Idan an ce maka "ba ma aiki da Linux": yadda za ka bi har a biya maka buƙata

Tun da Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci a Garwa, Marwa da Ngaundere suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wani guntun tsaro a cikin kwamfuta) da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, ko takwaransa na AMD, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke yawo a kasuwanninmu sun girmi wannan zamani. Shi ya sa ɗalibai da masu shagon buga takardu suka fara sa Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kwamfuta ta yi sauƙi, ta daina nishi, kowa ya ji daɗi. Sai ranar da kile ɗin intanet (modem na USB da ake sa wa sim) ya ƙi kamawa, ko firinta ta yi gum, ka kira sashen kula da abokan hulɗa, a tambaye ka wane Windows ne a kai. Da zarar ka ce Linux, magana ta ƙare: "Désolé monsieur, ba ma aiki da wannan."

Akwai haushi, musamman in kuɗinka ka biya. Amma kafin ka ɗaga murya, ka san wanda kake magana da shi. Mai amsa wayar nan takarda ce a gabansa, an jera masa tambayoyi da amsoshi, kuma ana lissafa masa mintunan da ya ɓata a kan kowane kira. Masu Linux a kwamfutar tebur 'yan kaso kaɗan ne cikin ɗari a duniya, sannan sun kasu: Ubuntu, Mint, Debian, Fedora, kowa da inda yake ajiye saitunansa. Kamfani ya ga babu riba a koya wa ma'aikata wannan duka. Wayar Android da ke aljihun ma'aikacin a kan zuciyar Linux take tafiya, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, amma kada ka gaya masa haka. Ba zai gyara maka komai ba, kiredinka kawai zai tafi.

Dabarar ita ce ka raba matsalar gida biyu tun kafin ka kira: abin da yake nasu, da abin da yake na kwamfutarka. Layi, sim, data, asusunka, shafinsu, na'urar da ta zo a lalace, duk nasu ne, kuma dole su amsa ko da wace manhaja kake aiki. Direba (manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki da kwamfuta) da saitin Linux kuwa ba wajensu za ka samu ba, akwai inda ake nemansu.

Da farko: gano ko laifin na waye

Cire sim ɗin daga kile ka sa a waya. In a wayar ma intanet bai zo ba, Linux ya fita daga zargi: ko data ta ƙare, ko an rufe layin, ko sabis ne babu a unguwar. In ya zo a waya, to haɗa wayar da kwamfuta da kebul, ka shiga saitin wayar, Partage de connexion, ka kunna na USB. Linux yana gane wannan nan take ba tare da an sa masa komai ba. Yanzu kana da intanet a kwamfutar, wanda da shi za ka gyara sauran.

Don gwada modem ɗin kuma, sai ka cire waya, ka mayar da sim cikinsa ka haɗa shi da kwamfuta, ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni (Ctrl, Alt da T a tare), ka yi gwaji uku a jere. Rubuta ping -c 4 192.168.8.1, ko adireshin da aka rubuta a bayan akwatin wifi ɗinka in ya bambanta. In ya amsa, kwamfuta da modem suna jin juna. Sannan ping -c 4 8.8.8.8. In wannan ya ƙi alhali na farko ya amsa, matsalar daga modem zuwa waje take, wato ta kamfanin layi. In ya amsa, sai ping -c 4 google.com. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi, DNS ne, wato abin da ke juya sunan shafi ya zama lamba, kuma sau da yawa canza shi a saitin haɗin ya wadatar.

Haka za ka yi da firinta ko sikana: ka gwada ta a kwamfutar maƙwabci mai Windows. Haka da shafin da ya ƙi buɗewa: ka gwada shi a waya. Jimla ɗaya kake nema wadda za ka faɗa da gaskiyarka: "na gwada a wata na'ura, haka ya yi."

Na biyu: tattara bayanan kwamfutarka ka ajiye

Ko wa za ka tambaya, zai buƙaci waɗannan. cat /etc/os-release yana faɗin wane Linux ne da lambarsa. uname -r yana ba ka lambar zuciyar tsarin. lsusb yana jero duk abin da aka soka ta USB, lspci -nnk kuma abin da ke cikin kwamfutar, kamar katin wifi da na hoto, tare da direban da ke riƙe da kowanne. A Mint akwai inxi -Fxz, wanda ke haɗa kusan komai a shafi ɗaya, harafin z ɗin kuma yana ɓoye lambobin da bai kamata baƙo ya gani ba. In abu ya ƙi aiki bayan ka soka shi, sudo dmesg | tail -n 30 zai nuna maka abin da tsarin ya ce a daidai lokacin.

Kwafe duk wannan cikin fayil ɗaya, ka tura wa kanka a waya. In wuta ta ɗauke batirin gwanjo ya mutu a tsakiyar magana, bayananka suna hannu.

Na uku: kiran kansa

In akwai ofishinsu kusa, tafiya ta fi kira. A waya galibi da Faransanci ko Turanci za a yi, a ofis kuwa kana iya dacewa da wanda za ku yi Hausa ko Fillanci, a Njamena Larabci, kuma abin da ido ya gani ya fi saurin shiga. Ka tafi da wayar da kile ɗin.

Ba na ba da shawarar ka yi ƙarya ka ce Windows ne. Za a ce ka danna abin da babu shi a allonka, ka fara kame-kame, a gane. Amma kuma ba dole ba ne ka buɗe magana da sunan Linux. Fara da abin da yake nasu:

"Barka da aiki, malama. Layina ne ba ya ba da intanet tun jiya. Na sa sim ɗin a wayar Android, haka ya yi. Data kuma akwai, na duba."

"Wane Windows ne a kwamfutar?"

"Kwamfutar a kashe take ma, malama. Ga wayar nan a hannuna, ita ma ta ƙi. Don Allah ki duba mini layin daga wajenku."

Ka ga an wuce wurin ba tare da gardama ba. In kuwa suka nace sai an bi matakan takardarsu, yawancinsu suna da takwara a Linux, sai ka yi naka ka ba su amsar da suke nema. In an ce ka rubuta ipconfig, kai ip a za ka rubuta, da ip route don ganin adireshin modem. In an ce ipconfig /flushdns, naka resolvectl flush-caches ne a Ubuntu da Mint na yanzu. In an ce tracert, ka yi tracepath. In an ce ka buɗe Gestionnaire de périphériques ka ga ko modem ya fito, lsusb ke nan. Lambobin da za su fito iri ɗaya ne, su kuma lambobin suke so.

Abu biyu kada ka ajiye waya ba ka karɓa ba. Na ɗaya lambar ƙorafi, ka rubuta ta da ranar da aka ba ka, don in ka dawo kada a ce yau aka fara jin labarin. Na biyu, in abin ya fi ƙarfin wanda ya amsa, ka roƙi a miƙa ga ma'aikatan fasaha. A can ne ake samun wanda Linux ba baƙo ba ne a wajensa, tunda manyan kwamfutocin da ke riƙe da irin waɗannan ayyuka galibi da shi suke tafiya. Ka yi magana a hankali. Wanda aka yi wa tsawa hanyar sallamarka kawai zai nema, "ba ma aiki da Linux" kuwa ita ce mafi kusa da shi.

In APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layi, kawai kake buƙata, ba sai ka kira kowa ba. Yana cikin wayarka a Noms des points d'accès, ka kwafe shi harafi da harafi zuwa saitin haɗin Linux.

Na huɗu: abin da yake naka, modem da wifi da firinta

Kile ɗin intanet shi ya fi rikita mutane, don haka bari mu tsaya a kansa. Yawancinsu da fuska biyu suke zuwa. In ka soka, sai ya fara nuna kansa a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows, sai an sa manhajar sannan ya juya ya zama modem. A Linux za ka ga wani faifai ya fito a tebur, cikinsa fayil mai .exe, fitilar kile tana ƙiftawa, intanet shiru. Rubuta lsusb. In na Huawei ne za ka ga layi mai fara da 12d1, na ZTE kuma 19d2. A ce ka ga 12d1:1f01, to yana nan a fuskar faifai. Abin da ke juya shi sunansa usb-modeswitch, kuma yawanci yana zuwa da tsarin, yana yin aikin da kansa. In bai yi ba, ka sa shi da sudo apt install usb-modeswitch ta intanet ɗin waya, ka cire kile ka mayar. In har yanzu ya ƙi, ka tilasta masa: sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1f01 -J. Jira 'yan daƙiƙu ka sake lsusb. Lambar ta biyu za ta canza zuwa irin 14dc ko 14db, alamar haɗin waya ta fito a kusurwar allo, sai ka buɗe 192.168.8.1 a burauza ka ga shafin modem ɗin da ƙarfin sabis da saƙonninsa. Kada ka kwafi 1f01 in ba ita ka gani ba, lambar da lsusb ya nuna maka ita za ka sa.

Wifi kuwa, fara da rfkill list. Tsofaffin HP da Dell da yawa suna da maɓalli a gefe ko a saman allon rubutu, an taɓa shi ba a sani ba, sai ka ga Hard blocked: yes. Wannan yatsa ne maganinsa. In ba haka ba ne, duba lspci -nnk. Katin Intel, mai lamba 8086, da wuya ya ba da wahala. In ka ga 14e4, Broadcom ne, yana son direbansa na musamman: a Mint ka buɗe Gestionnaire de pilotes, a Ubuntu Pilotes additionnels, ka zaɓa, ka sake kunna kwamfuta. In an sa direban amma ya ƙi tashi, Secure Boot, saitin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, ake fara zargi.

Firinta sai da sa'a, ko in ce sai da zaɓe tun a shago. Duk wadda aka rubuta AirPrint ko Mopria a kwalinta, Ubuntu da Mint na yanzu suna buga mata takarda ba tare da direba ba. Na HP suna da HPLIP, wanda kamfanin da kansa yake fitarwa, sai dai wasu ƙanana da suka cika shagunan fotokofi, kamar LaserJet 1020 da P1102, suna buƙatar ƙarin wani yanki da ake saukewa da hp-plugin -i. In ba a sa shi ba, kwamfuta za ta ce ta aika aiki, firinta kuma ko motsi. Epson masu tankin tawada da yawa suna tafiya da printer-driver-escpr. Canon LBP2900, wadda mutane ke so saboda juriyarta, ita ce mai taurin kai: direbanta na CAPT tsoho ne, sai wani ccpd yana gudana a bayan fage take aiki. In ita ce abincin shagonka, ka bar mata kwamfuta ɗaya mai Windows, ka huta. Duk abin da ya shafi layin aikin bugawa kuma, rubuta localhost:631 a burauza, shafin CUPS zai nuna maka aikin da ya maƙale da dalilinsa.

Na biyar: tambayar waɗanda suka sani

Matambayi ba ya ɓata, amma a nan sai ya iya tambayar. Mai jin Faransanci yana da ubuntu-fr.org, da zaurensa da kundin bayanansa, mai Debian yana da debian-facile. Mai Turanci yana da Ask Ubuntu da zauren Linux Mint. Masu amsawa a can ba albashi ake biyansu ba, don haka "wifi ɗina ba ya aiki, ku taimaka da gaggawa" ba ya samun kowa. Kafin ka rubuta, ɗauki lambar na'urar, irin 12d1:1f01 ɗin nan, ko saƙon kuskuren kamar yadda ya fito, ka nema a Google tare da sunan Linux ɗinka. Sau da yawa wani ya riga ka faɗawa ramin. Ka dai duba shekarar amsar, don maganin 2013 yana iya ɓata tsarin 2024.

In za ka rubuta, ka faɗi samfurin kwamfutar, wane Linux da lambarsa, abin da ka yi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Liƙa rubutun taminal a matsayin rubutu. Hoton allo da aka ɗauka da waya, ga ƙurar hunturu a gilashi ga hasken taga, babu mai iya karanta shi, balle ya kwafa. Ka kuma faɗa musu cewa datarka a ƙidaye take, don kada wani a Faransa mai intanet ba iyaka ya ce ka sauke giga 6 ka sake sa tsarin gaba ɗaya. Umarnin da aka ba ka mai farawa da sudo, in ba ka gane abin da zai yi ba, ka tambaya kafin ka danna, musamman in akwai rm ko dd a ciki, don suna iya goge bayanai. In an warware, ka koma ka rubuta abin da ya yi aiki.

Tunda an taɓo data: a saitin haɗin kana iya nuna cewa layin na awo ne, a Ubuntu kuma sudo snap set system refresh.metered=hold yana hana manhajojin snap, wani salon manhajojin Ubuntu, sabunta kansu a kan irin wannan layi. Ka kuma zauna a kan fitowar LTS, wato mai dogon tallafi, irin Ubuntu 24.04 ko Mint 22 da aka gina a kansa. Shekara 5 ake kula da su, kuma su ne kamfanonin da suka damu da Linux suke gwada kayansu a kai.

Shafuka da takardu

Shafin da ya ce burauzarka ba ta dace ba, sau da yawa Chrome kawai yake so, Chrome kuwa yana da na Linux. WhatsApp ba shi da manhajar Linux ta kansa, amma WhatsApp Web yana aiki. Zoom yana da tasa. Teams ya janye tasa a ƙarshen 2022, yanzu ta burauza ake shiga. In kuwa kowane shafi yana kukan cewa haɗin ba amintacce ba ne, kalli agogon kwamfutar kafin komai. Ƙaramin batirin da ke kan allon uwa (motherboard), CR2032, yakan mutu a tsofaffin kwamfutoci, kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaidar shafuka su zama kamar na bogi. Batirin agogon hannu ne babba, masu gyara suna da shi.

Takardar Word da ta wargaje a LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Linux, yawanci rashin haruffa ne. Sa fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria, layuka za su koma mazauninsu. Abin da za ka kai a buga ko ka aika ofis, mayar da shi PDF, kada ka bar wa kwamfutar wani ta sake tsara maka shafi.

Inda babu makawa

Akwai manhajojin da babu dabarar da za ta kawo su. Photoshop da Microsoft Office na kwamfuta ba su da na Linux, haka yawancin manhajojin lissafin kuɗi na ofisoshi da na buɗe wayoyi. Wine, mai tayar da manhajojin Windows a cikin Linux, yana tayar da wasu, amma ban yarda mutum ya ɗora lissafin shagonsa a kansa ba, don ranar da ya tsaya, mai manhajar zai ce ba ruwansa, kuma da gaskiyarsa. Kai mashin wajen mai gyaran keke ne, ko ya so taimaka maka ba shi da kayan aikin. In manhajar ita ce sana'arka, ka tambayi mai sayarwa a rubuce wane tsari yake tallafawa kafin ka biya ko sefa ɗaya.

Haka wajen sayen kwamfuta. Sa Mint a kile na ajiya na USB da manhajar Ventoy ko Rufus, kusan giga 3 ne, ka tafi da shi kasuwa. "Alhaji, a ba ni minti goma in tayar da ita da kile ɗina, ba zan taɓa abin da ke ciki ba." In ya yarda, ka gwada wifi, sauti, kyamara, hasken allo, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. In akwai garanti, kada ka goge Windows sai ya ƙare, don in ta lalace abin da za a fara cewa shi ne kai ka ɓata ta da ka canza mata tsari.

Mai RAM giga 8 zuwa sama yana iya tayar da Windows a cikin Linux da manhajar VirtualBox. Wanda bai kai haka ba gara ya raba faifan, Windows gefe Linux gefe, ya zaɓa lokacin kunnawa. A nan abu biyu za su ba ka mamaki. Na farko, ka kashe Démarrage rapide a saitin wutar Windows, in ba haka ba Linux zai buɗe ɓangaren Windows amma ya ƙi rubuta komai a ciki. Na biyu, agogo zai riƙa kuskure da awa ɗaya cif duk lokacin da ka sauya. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma yana ɗaukarsa lokacin gari, Kamaru da Chadi kuwa suna gaban UTC da awa ɗaya. Shiga Linux ka rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, zai yi ɗan gargaɗi, ka ƙyale shi, sannan ka koma Windows ka daidaita agogon sau ɗaya.